Na'a-na'ata ta yi rawaya, ƙamshinta ya ragu

Mai Ataya Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da na'a-na'a a bayan gida cikin jarkokin da na yanka, ita nake sa wa ataya, ragowar in sayar wa masu shayi na unguwar Asawase a nan Kumasi. Tun da ruwan Yuni ya yi ƙarfi ganyen ƙasa ke yin rawaya yana zuba, sabon tofon kuma ƙanana. Abin da ya fi damuna, ko ka murza a hannu sai ka kai hanci sosai kafin ka ji ƙamshi. Maƙwabcina ya ce in zuba takin zamani na yuriya. In zuba?

Tsohon Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tunda daga ƙasa rawayar ta fara, yunwar naitirojin ce, sinadarin taki da ke sa ganye ya yi kore. Shuka in ta rasa shi sai ta kwaso daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Ruwan Kumasi kuwa ba ya barin taki a jarka, ta ɓular ƙasa yake wanke shi. Amma yi hankali da yuriya, kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne. Ka cika hannu, ganye zai yi faɗi ya yi kore shar, ka jefa a buta ka ji kamar ka dafa alayyahu. Nemi kashin kaji wanda ya ruɓe ya huce, ka barbaɗa kaɗan a gefe. Ɗanye ƙona saiwa yake yi.

Ɗalibar Noma, KNUST:
Ni ɗaliba ce a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Baba ya yi gaskiya, bari in ƙara. Ƙamshin nan mai ne, yana taruwa a wasu 'yan ƙananan ƙuraje a fatar ganyen, sun fi yawa a bayansa. Murzawa ce ke fasa su. Shukar da ke jin yunwa ba ta fitar da sabon ganye da yawa, don haka man da za ka samu a jarka gaba ɗaya raguwa yake yi, ko da wani lokacin ganye ɗaya ya fi yaji.

Yaya, ka sake duba da kyau. In gefen tsohon ganye ne ya bushe kamar an babbaka, rashin sinadarin fotasiyam ne. In ya koma shunayya-shunayya, rashin sinadarin fosfaras ne. In kuwa sabon ganyen sama ne ya yi fari-fari jijiyoyinsa na kore, wannan rashin sinadarin ƙarfe ne, kuma yuriya ba za ta yi masa komai ba. Sannan damina akwai lumshi, na'a-na'ar da ba ta ganin rana ƙamshinta sanyi yake yi ko da taki ya ishe ta. Mai babbar gona sai ya kai ƙasarsa cibiyar binciken ƙasa ta CSIR (hukumar binciken kimiyya ta Ghana) da ke Kwadaso a gwada, amma don jarkoki ido ya wadatar.

Hajiya Tafo Zango:
Ni dai toka nake zuba wa ɗaɗɗoyata, kuma miyata har maƙwabta ke jin ƙamshinta.

Ɗalibar Noma, KNUST:
Hajiya, toka na da fotasiyam, kuma ƙasarmu ta nan galibi mai tsami ce, shi ya sa take karɓarta. Naitirojin ne babu a ciki, wuta ta kore shi. A jarka kuma in ta yi yawa, ita ce ma ke hana shuka shan ƙarfen.

Mai Ataya Aboabo:
Na gode ƙwarai. Na duba, saman kore ne, ƙasan ne kawai. Jarkokin kuma suna inuwar katanga, gobe zan ja su tsakar gida. Baba, in rage dogayen rassan yanzu ko sai takin ya kama?

Tsohon Mai Lambu:
Yanka yanzu, ka bar kamar tsawon yatsa. Sabon tofon kuma ka riƙa cira da safe bayan raɓa ta bushe, kafin ta fara fure.