Allurar zahi na hawa in na shiga rairai, mi zan iya gyarawa da hannuna?

Ɗan_Adar79:
Salamu alaikum ƴan uwa masu kat-kat, barkanmu da zahi. Ina da Land Cruiser pikap, HZJ79 mai moter 1HZ na gazuwal, ta tsuhwa amma tana da ƙarhi, aikinta kai kaya daga nan Tawa zuwa kasuwannin arewa, Abalak, Cintabaraden, wani lokaci har rugagen da babu hanya sai sawun motoci. Bisa gudro lahiya lau take, allura na tsaye tsakiya ko da rana tsaka. To amma da na sauka cikin rairai da lodi sai allura ta riƙa hawa sannu sannu har sai na tsaya na buɗe kapo na jira, kuma moter ɗin na ji kamar ba shi da numfashi. Yaron garaji ya ce a cire kalorsta, ɗan abin nan da ka buɗe ma ruwa hanyar radiyater in moter ya yi zahi, a huta, wani kuma ya ce in sa bututun iskar nan da ake ɗagawa gefen gilashi in sayi manyan tayu a ɗaga motar. Ni dai aljihuna bai kai nan ba. Mi zan iya dubawa da kaina gida kahin in zuba kuɗi? Na gode.

Tsohon_Shofer:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka bari a taɓa maka kalorsta tukuna. Ɗauki tocila da dare ka haska radiyater daga baya, wajen fanka, ka zagaya gaba ka duba ko haske na hitowa. Motar da ke bin daji bayan damina gabanta cike yake da ƙarangiya da ɗiyan haki da hwara matattu, su haɗu da ƙura su liƙe cikin ramukan nan ƙanana. Bisa gudro kana gudu iska na shiga da ƙarhi shi ya sa ba ka ganin komi, amma cikin rairai kana bitesi na biyu moter na kuka mota ba ta gudu, ba ta da iskar da za ta sha sai wadda fanka ta jawo mata. Wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba, da tiyo maras ƙarhi, kar ka kai shi wurin masu wankin mota su harbe shi da injin nan nasu, suna lanƙwashe hwatun radiyater ɗin duka.

Sai fankar kanta. Tana da wani ƙulli a tsakiya mai man silikon ciki, shi ka kama ta in zahi ya yi. In ka dawo tahiya moter na da zahi, kashe shi, ka juya fanka da hannu. In ta yi nauyi tana turjiya lahiya lau. In ka tura ta ta yi ta juyawa ita kaɗai to man ya tsiyaye, kuma za ka ga baƙin maiƙo da ƙura gabanta. Ana buɗe ƙullin a zuba mai sabo, ba sai an sayi wani ba. Duba bel ma ko ya saki, da murhin radiyater, in robarshi ta tsage canza shi, abu ne mai araha amma in ya lalace ruwa na tafasa da wuri.

Wani abu da mutanenmu ba su ɗauka da muhimmanci shi ne ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiyoyin arewa yana barin hwarin gishiri cikin bututu irin wanda kake gani gindin butar shayi, yau kaɗan gobe kaɗan har hanyoyin su toshe. Sa ruwan radiyater na kanti, in babu ka tara ruwan sama ka tace. Kuma don Allah kar ka buɗe murhi moter na da zahi, na ga wanda ya toye hannu har gwiwa.

Baban_Nana_Yamai:
Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ni tambayata ɗaya ɗan uwa, iska nawa ke cikin tayunka lokacin da kake shiga rairai? Don na tabbata da kilo 3 ko 4 ɗin da mai faci ya buga maka don lodi kake shiga, taya tauri kamar yadda take kan hanyar Dosso, to irin wannan tayar ba ta hawa kan rairai, haƙa take yi, kullum tana tura tudu a gabanta, kai kuma kana ƙara taka totur moter na wahala ruwa na zafi. Kafin ka bar gudro tsaya ka rage, mota fanko kilo 1,5 ya yi, in da lodi mai nauyi bar na baya wajen 2, za ka ji motar ta zama wata daban. Sai dai da iska kaɗan ba a gudu kuma ba a juya sitiyari da ƙarfi, kuma in tayunka 7.50R16 ne masu robar ciki kar ka rage fiye da haka don robar na iya murɗewa ta tsinke bawul. Da ka hau duwatsu ko ka koma gudro sai ka mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Saboda haka ni in ka tambaye ni abin da za ka fara saye, ma'aunin iska ne na hannu da ɗan kwampireso mai kama batir kai tsaye, ba irin na ramin kunna taba ba, wancan ba ya cika tayar pikap sai ya ƙone. A kasuwar Katako nan Yamai ana samun kwampireso wanda aka taɓa aiki da shi, a gwada maka shi kan taya kafin ka biya.

Kuma sa kirabo, wato ƙafa huɗu, tun kafin ka shiga rairai, ka sauka ka murɗa makullan ƙafafun gaba zuwa LOCK, ba sai ka kafe ba. Da ka hau gudro cire, motocin nan ba a tafiya da su da ƙafa huɗu kan ƙasa mai tauri. Zancen ɗaga mota da manyan tayu kuwa bar shi, 1HZ lita 4,2 ne silinda 6 babu turbo, dama ba gaggawa gare shi ba, ka ƙara mishi manyan tayu ka ƙara mishi wahala ne kawai.

Mai_Hilux_Ƙonni:
Ni hwa Baba ku yi haƙuri ban yarda da maganar kalorsta ba. Ƙasar da zahi ke wuce digiri 40 a bazara mi za a yi da abin da anka yi don ƙasashen ƙanƙara? Rabin motocin tasharmu babu shi kuma suna aiki. Abin da zan ƙara shi ne filtar iska, tunda ya ce mota ba ta da numfashi. Hiddo ta duk dawowa daga daji ka bubbuga a tahin hannu, ka zubar da ƙurar da ke cikin ƙoƙon ƙasan gidanta, in za ka busa to daga ciki zuwa waje. In ka ga ƙura ta wuce cikin bututun da ke bayan filta to ta huje, jefar da ita.

Tsohon_Shofer:
Maganar filta ka yi daidai. Ta kalorsta kuwa, suna aiki, amma ka tambayi masu su sau nawa sunka sauke kilas, wato kan moter. Kalorsta ba tare ruwa kaɗai yake ba, in ya buɗe yana ruhe wata ƴar hanya da ke maida ruwa cikin moter, don duka ruwan ya bi ta radiyater. In babu shi wani ruwan zagayawa kawai yake ciki bai je ya huce ba. Kuma da sanyin hunturu moter ba ya ɗaukar zahin da ya kamata, yana ta hayaƙi yana cin mai. In kana zarginshi, cire shi ka jefa cikin tukunya bisa wuta, lambar digirin da yake buɗewa tana rubuce jikinshi, in ruwa ya kusa tafasa bai buɗe baki ba sayi wani ka maida.

Ɗan_Adar79:
Allah shi saka muku da alheri. Baba na yi gwajin tocila jiya, wallahi rabin radiyater na ƙasa ko ɗigon haske babu, abin da ya hito da na wanke sai ka ce an share gona. Fanka kuma tana da nauyi, ita lahiyarta lau. Yaya na Yamai ka canka, tayun baya kilo 4 ne. Tambaya ta ƙarshe, na ga wasu na ɗaura sange gaban mota don ƙarangiya, yana da amfani ko yana ƙara zahi ne? Sannan bututun iskar nan in haƙura da shi ke nan?

Baban_Nana_Yamai:
Sange na gado ramukanshi sun yi ƙanana, shi da kanshi yake toshewa ya hana iska. Nemi ragar waya irin ta taga, mai walda ya yi maka firam, ka ɗaura ta gaban garil nesa kaɗan da radiyater yadda za ka iya ciro ta ka kakkaɓe duk inda ka tsaya, kuma in lokacin haki ya wuce cire ta ka aje. Bututun iska ba ya maganin zafin ruwa, amfaninshi yana ɗauko iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta wajen taya ba, filta ta fi daɗewa, in ka samu hali daga baya ka sa amma a liƙe mahaɗanshi da kyau. In ka shiga ƙarƙashin mota duba hakin da ke naɗewa jikin shaf, sandar ƙarfen nan mai juya ƙafafu, da wajen salansa ka cire, busasshen haki kan ƙarfe mai zafi wuta ce. Ka bi bulon ɗin lam, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyin lodi, da na maƙalin batir da kile ma, hanyar nan mai gargada tana kwance su, ranar kasuwa in ka dawo ka zo ka gaya mana inda allura ta tsaya.