Kallon tsuntsaye a Dagona: wane wata ya fi?

Maman_Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar firamare ce a Kano. Ɗana ya addabe ni sai na kai shi ya ga agwagin da ke tasowa daga Turai suna sauka a Dagona, can wajen Gashuwa. Hutun Disamba muke so mu tafi. Lokacin ya yi, ko mu jira? Kuma za mu ga shamuwa? Ita ya fi ƙwallafa rai a kai.

Ɗan_Bade: Wa'alaikumussalam Hajiya. Disamba ya yi, amma ni na fi son Janairu. Lokacin ruwan fadamu ya fara janyewa, sai tsuntsayen su taru a tafkin da ya rage, ki gan su dubbai wuri guda. Shamuwa kuwa sai dai yaro ya yi haƙuri, baƙuwar damina ce, da hunturu ta yi kudu. Zai ga kirinjijiya da dinya da zalɓe, ga kuma baƙin na Turai, ƙananan agwagi masu launin ƙasa-ƙasa, da wasu masu siririyar jela. Ku isa bakin ruwa da an idar da sallar asuba. Rana na ɗagawa sai su watse, hazo kuma ya rufe ido. A sa wa yaron rigar sanyi mai kauri, iskar bakin tafki ba ta wasa ba ce.

Baba_Masunci: 'Yata, abin da kika tarar ki gode Allah. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa daga baya, ambaliya kan mamaye fadamun Haɗeja da Nguru fiye da yanzu nesa ba kusa ba. Ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ko kwalekwale ba ya ratsawa. Da idona na ga lokacin da Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989, garin ya cika maƙil.

Ɗan_Bade: Na manta, wurin yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, sai kin nemi izinin ma'aikata, su haɗa ki da ɗan rakiya. In Gashuwa ta yi miki nisa, akwai Baturiya a Jigawa.

Maman_Khalifa: Na gode Baba, na gode Malam. Janairu an koma makaranta, sai dai mu lallaɓa ƙarshen Disamba. Wa ya san inda ake samun madubin hangen nesa mai araha a Kano?