Ƙaramar kyamarata dishi-dishi take ɗauka a cikin ɗaki, wa ya taɓa fama da haka?

Mai tambaya: Salam jama'a. Na tono wata ƙaramar kyamara a durowa, irin ta aljihun nan mai megafiksel 12, ta fi shekara goma a ajiye. A waje da rana wallahi kalarta har ta fi ta wayata daɗin kallo, amma ina shiga ɗaki ko rana ta faɗi sai komai ya fito dishi-dishi, yarana kamar hayaƙi. Lalacewa ta yi ko ni ne ban iya ba?

Amsa ta 1: Ɗan'uwa lafiyarta lau. Ni sai da na yi wata uku ina zagin tawa kafin na gano maɓallin ɗaukar hawa biyu ne. Ka danna rabi tukuna, za ka ji ƙit, ɗan akwatin da ke fuskar allo ya koma kore, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali. Da can kwaɗa shi nake yi gaba ɗaya kamar na waya.

Amsa ta 2: Wannan gaskiya ne amma da sauran magana. Yawancin ƙananan nan sensarsu, wato ɗan abin da ke karɓar haske a ciki, irin wadda ake kira inci 1/2.3 ce, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, haske kaɗan take kwasa, to a duhu dole kyamarar ta bar idonta a buɗe ya daɗe, wani lokacin 1/8 na daƙiƙa, kuma a wannan tsakanin ko numfashi ka yi sai ya fito a hoton. Ni dabarata in ɗora ta kan tebur ko tarin littattafai in sa ta ƙirga daƙiƙa 2 ta ɗauka da kanta. In babu wurin ɗorawa sai in manna gwiwar hannu a ƙirji in jingina da bango. ISO kuma, wato saitin da ke ƙara wa sensa ƙarfin jin haske, ba na wuce 400, na gwada 1600 sau ɗaya fuskar ƙanwata ta fito tsaki-tsaki kamar an watsa mata yashi. Masu sensa inci ɗaya irin Sony RX100 da ta fito a 2012 su ne ke jure duhu sosai.

Amsa ta 3: Ku bar ni da filas 😂 Taron yaye ɗalibai na je, ina can layin baya ina ta walƙawa, na dawo gida na tarar hoto arba'in duk ƙeyar mutanen gabana ce fari tas, dandamalin kuwa baƙi ƙirin. Ashe hasken bai wuce mita uku zuwa huɗu. Yanzu an fi ganina da filas da rana tsaka, in rana na bayan mutum fuskarsa ta yi duhu.

Amsa ta 4: Malam tunda tsohuwa ce ka kula da katin ajiyar hotuna. Na sa wa tawa mai 64GB ta ce sam ba ta san shi ba, na ɗauka katin ne jabu, ashe katin nau'in SDXC ne ita kuma iyakarta nau'in SDHC, wato 32GB. Waɗanda suka fi tsufa ma 2GB kawai suke karɓa. Kuma in za ka yi fomat ka yi a cikin kyamarar, bayan ka kwashe hotunanka fa, kar ka zo kana nemana.

Amsa ta 5: Ka kashe zum na dijital a saiti, yanko hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ko zum na gilashin in ka ja shi ƙarshe haske raguwa yake, gara ka taka da ƙafa. Kuma don Allah ka samo mata jaka, tawa a aljihu ta kunnu, hancin gilashin ya fito ya tokare, ƙura ta shiga, har yau a karkace yake.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na gwada danna rabi, na kuma zaunar da yaran kusa da taga, babbar ta fito ras har gashin ido. Autan ne dai har yanzu hannunsa uku a kowane hoto don ba ya zama. Sai kuma batirin, hoto ashirin ya mutu, kuma na ga kamar ya ɗan yi ciki.

Amsa ta 2: In ya kumbura cire shi yanzu, kar ka ƙara sa shi a caji. Duba lambar da ke jikinsa ka nemi irinsa sak.