Warin baki da amai: abin da aka tattauna a majalisarmu

Daren Laraba bayan isha'i, a ƙauyenmu kusa da Ringim, hira ta kai mu ga warin baki. Wani dattijo ya ce daga ciki yake tasowa. Malamin asibiti ya ce, "Baba, galibi a bakin yake: dattin harshe, ruɓaɓɓen haƙori, dasashi mai jini. A fara da aswaki da goge harshe."

Inda aka daɗe shi ne ƙwannafi. Wanda ya ci tuwo ya miƙe kan tabarma nan take, ruwa mai tsami zai taso masa har maƙogwaro. A jira awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Jiƙon kanwa na ɗan lokaci ne kawai, olsa kuwa sau da yawa ƙwayar cuta ce, sai maganin asibiti. Malamin ya ja kunnen manoma masu haɗiyar maganin ciwon jiki na diclofenac ba komai a cikinsu, don yana iya jawo olsa.

Yanke beli fa? Ya ce a bari, ba ya tsayar da amai. Nan wanzaminmu ya ɓata rai. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, a nemi mota a daren.