Gaban allon hawan igiyar ruwa yana nutsewa da ni

Assalamu alaikum. Muna yawon buɗe ido a Maroko cikin babbar bas, mun yada zango a Taghazout, arewa da Agadir, jibi za mu tashi. Yau na fara koyon hawan igiyar ruwa da allon soso. A kan yashi ina miƙewa tsaye a kan allon lafiya lau. Amma a ruwa, da zarar kumfar igiyar ruwa ta turo ni sai gaban allon ya nutse, in hantsila, ruwan gishiri ya cika mini hanci. Na ja baya kaɗan a kan allon, igiyar ta wuce ta bar ni. Na ƙara ƙarfin tuƙi da hannu, duk ɗaya. Mai koyarwa ɗaya ne gare mu duka, ban samu tambayarsa ba.

Don Allah, a ina daidai zan aza ƙirjina a kan allon?