Ƙafafun kanofi na karyewa da damina, yaya kuke yi?

Mai Haya Ɗorayi:
Assalamu alaikum. Ina ba da hayar kanofi da kujeru, bana ce daminata ta farko a sana'ar. Ranar Asabar muka kafa uku a wani yinin biki, ana idar da La'asar hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗauki ɗaya ta maka da katanga. Ɗayan kuma ruwa ya taru a tamfol ɗinsa ya yi tumbi, ƙarfen sama ya lanƙwashe, ƙafa biyu suka ɓalle daidai wurin walda. Ga shi Agusta ma bai kama ba. A taimaka min da shawara.

Tsohon Hannu Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Na biyun nan nauyi ne ya ci shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tumbin da ya ɗauki jarka huɗu mai lita 25, buhun siminti biyu ke nan ka rataya wa bututu. Ka ja tamfol ya ɗame sosai, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo don ruwa ya samu hanya. In an fara ruwa ka sa yaro ya riƙa tunkuɗo shi daga ƙasa da sanda, amma a naɗe kanta da tsumma. Ni da tsirarar sanda yarona ya taɓa huda min sabon tamfol, har yau ina jin abin.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta riƙe turke sosai. Karkata shi, kansa ya ba wa rumfar baya, kuma igiyar ɓangaren gabas za ka fara ɗaurewa kafin ka ɗora tamfol. Kowace ƙafa ka sa mata guntun katako a ƙasa, don ɗaya na nutsewa nauyin zai koma kan sauran. A kan kwalta kuwa sai buhun yashi.

Mai Walda:
Malam, leƙa cikin bututun da ya ɓalle, na san tsatsa za ka gani. Kuna kwancewa ku jibge su a jiƙe, ruwa ya kwana a ciki. A jingine su baki ƙasa su tsane, a shafa giris a mahaɗa. Wanda ya lanƙwashe ko na miƙe maka ba zai koma kamar da ba, gara ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayi mai kauri.

Maman Biyu:
Don Allah in ana walƙiya ku fitar da mutane daga ƙarƙashin ƙarfen nan, ku cire wayar wuta. Mu mata mu ke zama a ciki da yara.

Mai Haya Ɗorayi:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Mai Walda, yanzu na leƙa, jar tsatsa ce har tana zubo min a hannu. Ina da aiki ranar Juma'a a Hotoro, bari in nemi buhunan yashi tun yau.