Wata uku da fara koyon jita: yaya kuka tsallake wannan gaɓar?

Ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau wata uku ke nan da na sayi jita ta hannu mai tsirkiyar ƙarfe, kuma kullum bayan isha'i nakan zauna a zaure in yi rabin awa ina gwaji. A makonni biyun farko kan yatsuna na hagu ya yi jawur, har ɓalla maɓallin riga sai na cije. Yanzu sun yi kanta, na kuma iya kamun G da C da D, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiyoyi don fitar da kowane amo, amma kafin in tashi daga wannan in koma wancan kiɗan ya riga ya yanke. Kamun F kuwa, wanda ake kwantar da manuniya ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya, ya gagare ni, sautin sai ya fito a dushe kamar ana buga kwali. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su taimaka mini da abin da suka gani.

Tela, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ɗora wa yatsunka laifi, ka duba jitar tukuna. Wata biyar na yi ina fama da F, ina zaton almakashi ne ya sandarar mini da hannu, ashe tsirkiyoyin ne suka yi nisa da wuyan jitar, har fensir yana shiga tsakaninsu a daidai gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin ƙarfen da ke jere a wuyan. Wanda ya sayar mini bai ce uffan ba. Wani mai gyara a Sabon Garin Kano ne ya rage tsayin ɗan ƙashin da tsirkiyoyin ke hawa a kai, ya sa mini sirara, kuma a daren ranar F ta fita tas. Sannan ka yi hattara da hunturu, domin katako yana bushewa har ya tsage. Ka riƙa mayar da ita jaka, ka kuma saita sautinta da manhajar waya duk sa'ad da ka ɗauka.

Malamin firamare, Daura

Ni ta wata ƙofar na shiga. Bidiyoyin YouTube da na fara bi duk waƙoƙin Turawa suke koyarwa, inda ake share tsirkiya shida a lokaci guda, alhali kunnena a kan garaya da gurmi ya tashi, sai kuma kiɗan Buzaye da direbobin hanyar Kwangwalam ke sawa a mota. Da na gaji, sai na ajiye kamun nan gaba ɗaya na tsaya a kan tsirkiya biyu kacal, kamar yadda garaya take. Babban yatsa yana bugun mai kauri ba fashi, manuniya tana tsinto amon waƙa a kan siririya. A nan na gane cewa yawancin abin da muke rerawa a kan sauti biyar yake tafiya, kuma a kansu ne Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, da Bombino na Agadas suka gina kiɗansu. Cikin makonni shida na iya fitar da waƙar da yara ke yi a dandali, har matata ta gane ta daga madafi. F sai bayan shekara guda na koma mata, kuma ban ga abin da jinkirin ya rage ni da shi ba. Mu da ke kukan jitarmu ba ta da kyau, mu tuna cewa Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da wayar burkin keke ya haɗa tasa ta farko.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina

Baba ya ce gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, saboda haka nakan cusa ɗankwali a ƙarƙashin tsirkiyoyin don kada sauti ya fita ɗaki. Abin da ya gyara mini sauyin kamu shi ne in zaɓi biyu kawai, in ƙirga sau nawa zan sauya a minti ɗaya. Na fara da 11, yanzu ina kai 40. Ka kuma yanke farcen hagu har ƙasa.

Ɗalibi, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na gwada fensirin, ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. Malam, jiya na tsaya a kan tsirkiya biyu, sai ga Inna ta aiko a tambaya ko wane mai garaya ne a zaure. Ranar Asabar zan shiga Kano in sha Allah. Yaya, wace lamba ce sirarar tsirkiyar da aka sa maka?